Mangwaro a Gonar Aro

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Darasin 'yan aji uku na wannan makon kalmar Turanci ce, claim. Na duba ƙamus, ashe ma'anoninta sun fi yadda na zata. Mutum ya nemi haƙƙinsa, kamar gado ko jakar da ya manta a mota. Ko ya yi iƙirarin abu ba tare da hujja ba. Har ambaliya, in ta ci rayuka, da ita Turawa ke faɗa. Mai gaskiya da maƙaryaci kalma ɗaya suke amfani da ita, sai mai sauraro ya tantance. Na cika allo da misalai, yara suka kwafe, hankalinsu na wurin mai awara.

Laraba, 10 ga Yuli
Inna ta ce Baba Lado ya dasa mangwaro a gonarmu ta hanyar Yako. Aminin marigayi Baba ne, Baba ya ba shi aronta tun ina firamare. Tana tsince shinkafa ta faɗa, ba ta ko kalle ni ba. Na ce ai mangwaro abin alheri ne. Ta ce mai aron gona dawa da gero yake shukawa, ba ya dasa itace, in ya dasa kuwa yana shaida wa gari cewa tasa ce. Na sani. Kowa a Kiru ya sani. Maganar ce ba na so.

Alhamis, 11 ga Yuli
Ruwa tun safe. Babur ya ƙi tashi.

Asabar, 13 ga Yuli
Maganar dami. A al'ada, duk kaka mai aro yana kai damin hatsi gidan mai gona, ba don hatsin ba, don idon mutane. Baba kuwa mayar da shi yake yi, wai tsakaninsa da Lado babu dami. Tun ana kawowa har aka daina. Mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Kirkin nan ne ya share mana shaida, yanzu samarin unguwa gonar Lado suke ce mata.

To amma Baba Lado ne ya yi wa Baba wanka, shi ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan nan. Da wane baki zan fara?

Talata, 16 ga Yuli
Yau na koyar da unclaimed, abin da mai shi bai zo ya nema ba. Na ba su misalin kayan da ke ruɓewa a ofishin tasha. Darasin ya yi kyau, har shugaban makaranta ya leƙo ya gyaɗa kai.

Alhamis, 18 ga Yuli
Ƙanwata Khairiyya ta bugo daga gidan mijinta a Tudun Wada. Na fara zancen damina, ta katse ni. "Yaya Kamilu, akwai rabona da na Inna a ciki. Ba gonarka kai kaɗai ba ce da za ka yi kara da ita."

Na ce zan duba. Ta ce duban nan nawa ta san shi. Yarinyar nan bakinta kamar reza.

Asabar, 20 ga Yuli
Na je gidan Baba Lado, da mai unguwa Maikano. Mun iske shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa, gaisuwa ta yi tsawo, ni nake ƙara mata tsawon. Har ya aika a kawo mana fura. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, gonar nan tamu ce. Aro ce." Na roƙi ko dai a cire itacen, ko bana a kawo dami a gaban mai unguwa.

Bai musa ba. Ya daɗe yana kallon fartanyar, sannan ya ce, "Mahaifinka bai taɓa zuwa mini da shaida ba." Na ji kunya ƙwarai. Furar ba wanda ya sha.

Litinin, 22 ga Yuli
An ce jiya da kansa ya tuge mangwaron, ya hana 'ya'yansa taɓawa. Ya aiko cewa in ya girbe dawar bana mu karɓi abinmu, ba ya son aron.

Juma'a, 26 ga Yuli
Bayan sallah na miƙa wa Baba Lado hannu biyu. Ya karɓa da ɗaya, idonsa na wani wajen. Da can sai ya riƙe ni ya tambayi Inna da yara ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Inna ta ce in na ga dama in je in ba shi haƙuri, ba za ta hana ni ba. Na ce to. Na fito da babur har bakin layinsu, na ɗan tsaya, sai na zarce kasuwa tambayar irin da zan shuka a gonar baɗi.