Jiran Ƙahon Marelvis

Litinin, 6 ga Mayu

Likitan haƙori ya yanke hukunci yau. Huɗun gaba duk za su fita, kuma ko an sa mini na roba, busa ta ƙare. Na ce masa turombon ɗin nan, dogon ƙahon tagullar da nake busawa, tun kakana yake gidanmu, kujerarsa a ƙungiyar 'yan busa ta garin nan ba ta taɓa barin gidan Causil ba. Wai sai ya ce, "To Baba, a nemo wani Causil mai haƙora." Yaro ne, na ƙyale shi.

Akwai kuwa, 'yata. Marelvis. Ranar da za ta tafi Bogota ta riƙe hannuna a tasha ta ce, "Baba, duk ranar da bakinka ya gaji ka kira ni, zan dawo." Ban roƙe ta ta faɗa ba. Bikin gari ƙarshen Yuni ne. Zan kira ta.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ban kira ba tukuna, saƙonta ya riga ni. Direban motar Montería ya kawo faifai, sabo fil, na babbar ƙungiyar makaɗan da take ciki. Simfoni ne wai, dogon kiɗan Turawa mai kashi huɗu, na wani Bajamushe da ya mutu tun kakana yana rarrafe. Sunanta na bayan kwalin, an rubuta shi mitsitsi, sai da na sa tabarau. Otilia ta goge kwalin da bakin siket ɗinta ta jingina shi kusa da hoton waliyyi, sannan ta fita. Matar nan tawa ba ta iya riƙe labari. Kafin la'asar duk layinmu ya ji. An tsayar da Asabar a shagon askin Nicanor, shi ke da manyan sifiku.

Asabar, 11 ga Mayu

Da ban je ba.

Mutane sun zo da kujerunsu. Mata har da share fili a gaban shagon, wai don rawa. Nicanor ya kunna. Ganga ce ta fara, a hankali, dum, dum, kamar ana buga ƙofar gida da tsakar rana, gogaye da yawa suna hawa a kanta suna hawa.  Shekarata hamsin ina kiɗa ban taɓa jin sauti ya cika wuri haka ba. Ba wanda ya yi rawa. Mai sayar da kankana ya tsaya da kurarsa a tsakiyar titi, baki buɗe.

Amma ni kunnena na wuri ɗaya. Kashi na farko ya ƙare, babu turombon. Muka tafa, ashe da saura. Na biyu ya zo, sanyi-sanyi, babu. Nicanor ya leƙo ta bayan kujerar aski ya ce, "Mutumina, anya ba ruwa take raba musu ba?" Aka yi dariya. Shekara talatin yana buga mini ganga, bakinsa bai taɓa hutawa ba. Yayata Eufemia ta ce masa ya rufe baki, sannan ita ma ta ƙara nata, "Mu dai a nan ɗan busan da ya yi shiru rabin waƙa, ko ya bugu ne ko an kore shi."

Na uku ma babu. Na tashi na ɗauki hulata. Na ji daga baya sun kashe faifan don tausayin Otilia.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ban je coci ba. Ba na son a yi mini jaje.

Talata, 14 ga Mayu

Sun ajiye mini 'ya kamar tulun ado. Yarinyar da tun tana shekara goma take busa kiɗanmu na porro a filin rawa har kyandiran da mata ke rawa da su su ƙone, ba ta sauke ƙaho. Wannan ma ya sauƙaƙa mini kiran, ta dawo inda ake bukatarta.

Sai dai akwai wani wuri a kashi na biyu da goge ɗaya yake tashi shi kaɗai. Ya maƙale mini. Ina fere rogo na kama kaina ina yinsa da hanci. Haushi ya kama ni.

Alhamis, 16 ga Mayu

Otilia ce ta buga mata, ba da sanina ba. Ina daga zaure ina jiyo dariyar Marelvis ta cikin wayar. "Mama, kun kashe kafin ƙarshe? Ku ce wa Baba ya jira." Otilia ta miƙo mini wayar, na ce hannuna da sabulu.

Jira. Ni za a koya wa ƙaho.

Asabar, 18 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, amma bari in gwada.

Otilia ta tafi kasuwa, ana yayyafi. Na ɗauko faifan daga wurin waliyyi na sa a ƙaramin rediyon kicin. Na ce zan ji shi har ƙarshe don in samu abin faɗa mata a waya. Ban tsallake komai ba, na zauna ina fere rogo na sha dukan kashi ukun, kofina ya huce.

Na huɗu ya fara da duhu, kamar hadari ya haɗo ta bakin kogi. Gogayen suka ajiye baka suka koma tsinkar tsirkiya da yatsa, da sauri da sauri. Sai wani ƙaho, ba irin namu ba, ya yi kira daga nesa, sarewa ta amsa masa. Sai komai ya lafa.

A cikin shirun nan na ji ta. Kafin busar ma, numfashinta na ji. Ta gefen baki na hagu, da ɗan fito siriri, yadda kakana ya koya wa babana, babana ya koya mini, ni kuma na koya mata a gindin mangwaron gidan nan. Duk duniya ba mai shaƙar iska haka sai ɗan gidan Causil.

Sannan masu turombon suka shigo, su uku, can ƙasa-ƙasa, a hankali kamar masu ɗauke da jariri mai barci. Layi biyu ne kawai. Wuƙar rogon ta faɗi daga hannuna.

Wanda bai riƙe ƙaho ba ba zai gane ba. Tagulla in ta daɗe a ajiye sanyi take yi, leɓe ya mutu, sautin farko ya fito a karye. Shi ya sa mu muke shiga da ƙarfi, ƙara tana rufa asiri. Ita kuwa ta zauna fiye da rabin awa a sanyin Bogota, ƙaho a cinya, mutum dubu suna kallo, sannan ta ɗaga shi ta shiga da raɗa. Ba rawar murya, ba ko ɗigon kuskure. Duk shirun can da muka yi wa dariya, don wannan wurin aka tara shi.

Ƙahon nan shekara hamsin yana hannuna, ban san yana da wannan muryar ba. Na mayar da wurin baya ban san sau nawa ba. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar rubutawa.

Lahadi, 19 ga Mayu

Bayan coci na tasa ƙeyarsu zuwa shagon Nicanor. Na ce wanda ya tashi kafin ƙarshe, ba ni ba shi. Suka zauna suna mutsu-mutsu. Da wurin ya matso na ɗaga hannu, har kare ya yi shiru.

Eufemia ta yi alamar gicciye. Nicanor ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, shi da ko a jana'iza sai an tuna masa. Can ƙarshe da waƙar nan ta ƙahoni ta dawo da dukan ƙarfinta, mutum ɗari a bayanta, mai kankana ya miƙe tsaye bai sani ba. Da ya ƙare ba wanda ya tafa. Sai Eufemia ce ta ce, "Ashe yarinyar nan addu'a take yi da shi." Wani daga baya ya ce a sake.

Da za mu tashi Nicanor ya ja ni gefe. "Na janye maganar ruwa. Amma Evaristo, Yuni fa ya matso. Yaushe za ta zo ta karɓi kujerar?"

Na ce zan yi magana da ita.

Laraba, 22 ga Mayu

An cire haƙoran. Kunun masara nake sha da cokali kamar ɗan yaye.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ita ta kira. Na karɓa wannan karon.

"Baba, muryarka ta canza."

"Mura ce."

"Mama ta ce ka je wurin likita. Yaya bakin?"

"Mamarki da surutu. Bakina ƙalau."

Ta ce alkawarinta yana nan, in faɗa mata gaskiya kawai. Kalma ɗaya ce, da ta hau mota. Na san halinta. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta me take yi duk tsawon zaman nan kafin ta shiga. Ta ce hura wa ƙahon iska mai ɗumi take yi a hankali, ba sauti, don kada ya yi sanyi, tana sauraron sauran. Ta ce bana ma akwai wani faifan da za su yi, nata wurin ya fi wannan tsawo.

Na ce ta riƙa sa rigar sanyi. Muka yi sallama.

Asabar, 1 ga Yuni

Na ba Wilfrido ɗan makanike kujerar. Busarsa kamar hon ɗin tirela, amma yana da haƙora. Na gaya wa Nicanor na wucin gadi ne. Ya dube ni ya ce, "Har yaushe?" Na ce ya kula da gangarsa.

Ƙahon dai ban bayar ba, Wilfrido ya nemi nasa. Da hantsi na fito da shi na sa faifan, na ɗora shi a cinya ina hura masa iska a hankali, kashi na farko, na biyu, na uku. Don kada ya yi tsatsa ne kawai. Otilia ta shigo da kwanon rogo ta tsaya tana kallona.

"Evaristo, kai da ba haƙora, me kake yi da shi?"

Na ce ta yi shiru, an kusa zuwa wurinmu.