Gurbin Lawali

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Bungudu. An kawo ni gidan Inna Tambaya, uwar mijina, a nan zan yi takaba. Sun ce bai kamata in zauna ni kaɗai a gidan haya a Gusau ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na dai shiga mota.

Bari in rubuta sau ɗaya don kada in sake. Ranar Asabar Lawali ya je Tsafe kafa wata ƙofar ƙarfe da ya yi wa wani Alhaji a shagonsa na walda. A hanyar dawowa tayar motar haya ta fashe. Yana cikin waɗanda ba su tashi ba.

Mata suna shigowa suna kuka, ni ina ba su haƙuri. Wata ta tsaya tana kallona, da alama tana tunanin ko ba ni ce matar ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na ci tuwo. Ban san ko akwai gishiri a miyar ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Jatau ya zo, abokinsa da suke ɗaga ƙarfe tare. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule. Ya miƙo leda: hula, makullin shago, waya. Gilashin wayar ya tsage a gefe amma tana aiki. Ƙaton mutum kamar Jatau, ya kasa haɗa gaisuwa, sai jan hanci yake. Na ce masa ya gaida gida.

Na sa wayar a caji. Ban san dalili ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Yayata Lantana ta zo daga Gusau da dambun nama. Tana ninke mini kaya ta ce, "Wai ni wanga wasa da shika yi, dambe ne ko kokawa? Har yau ban gane ba."

Sai na ji bakina yana bayani kamar ina gaban 'yan aji huɗu. Ba dambe ba ne. Gasa ce ta duniya, ana neman wanda jikinsa ya fi iya komai: gudu, iyo, ɗaga ƙarfe, hawan igiya, har tafiya da hannu kai a ƙasa. Babbar a Amurka ake yi, amma kafin mutum ya kai can sai ya haye matakai. Na farko kowa yana iya shiga daga inda yake. Su sanar da aikin a intanet, ka yi a gaban mai ƙirga maka, ka tura sakamako. Bana cikin azumi ya faɗo, Lawali ya yi shi da azumi a bakinsa, leɓɓansa sun yi fari fat. Wanda ya haye sai mataki na biyu, shi kuma da bidiyo. Wanda ya haye wannan sai a kira shi Afirka ta Kudu, a tara zaratan Afirka ido da ido. Daga can ɗan kaɗan ne ke wucewa Amurka.

Shekaru yana yi, bai taɓa wuce na biyu ba. Bana ya shiga rukunin waɗanda suka haura talatin da biyar, yana ta murna wai tsufa ya yi masa rana.

Bidiyon mataki na biyu ni na ɗauka, bayan Sallah, a filin bayan shagonsa, don Jatau shi ne mai ƙirga. Dokarsu ba a yanke hoto, ba a kauda waya, kuma dole jikin mutum ya fito daga kai har ƙafa. Hannuna ya yi tsami. Na yi mita son raina. Na ce mazan mutane suna hutun Sallah, nawa yana birgima a ƙasa don Turawa su gani.

Lantana ta ce, "Allah ya jiƙan shi." Na ce amin. Ta ci gaba da ninke kaya.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Wayarsa ta yi ƙara da hantsi. Saƙo ne da Turanci daga masu gasar. Sun duba bidiyonsa, sun karɓa. Ya haye. Shi ne ya samu gurbi na ƙarshe a rukuninsa, suna gayyatarsa Afirka ta Kudu a ƙarshen Mayu. A ƙasan saƙon akwai akwati biyu, kore na zan zo, ja na ba zan zo ba. Sun ba shi zuwa tara ga Mayu ya danna ɗaya.

Na karanta har ƙarshe. Na ajiye, na je na wanke kwanonin kumallo.

Jatau ya kira wayata, shi ma ya gani. "Malama, ya ci! Wallahi Mai Ƙarfe ya ci!"  Ni na fara kashewa.

Lahadi, 20 ga Afrilu

A gidan nan babu sabis mai ƙarfi sai a kusurwar turken awaki, shi ma sai na hau kan tsohon turmi. Kullum da safe nakan hau.

Akwai jerin sunayen waɗanda suka haye. Nasa yana can ƙasa, Lawali Garba, da 'yar tutar Najeriya a gefe. Ƙarƙashin sunan an ja layi, ƙarƙashin layin waɗanda ba su samu ba. A duk duniya nan ne kaɗai ba a sa masa marigayi ba. A nan har yanzu ana jiran sa ya amsa.

Ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki. Ina dai dubawa in sauko.

Talata, 22 ga Afrilu

Jatau ya sake zuwa. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

"Malama, wanga da ke ƙarƙashin layin, kin gane shi? Dogon Kenya ne."

Na gane shi. Wani mutumin Kenya ne da suka yi shekaru suna bin juna a jeri, bana wannan a sama, baɗi wancan. Ba su taɓa haɗuwa ba, ba su taɓa magana ba, amma Lawali yakan ambace shi a kan tuwo kamar ɗan unguwarmu. Dogo ya ƙara nauyi. Dogo ya ji ciwo a kafaɗa, Allah ya ba shi lafiya, amma ba yanzu ba.

Jatau ya ce in na danna ja, nan take gurbin zai koma ga Dogo. In kuma na bari wa'adi ya cika da kansa, za a ba shi ɗin, amma a makare. Lokacin ba lalle ya samu izinin barin aiki da shirin tafiya ba, gurbin ya tafi a banza. Ya ce ya rubuta musu bayani, ba su amsa ba tukuna, kuma daga wayar Lawali abin ya fi sauri.

"Danna ɗaya ce, Malama. Ko ki ba ni in yi."

Na ce zan duba. Ya ce to. Ban ba shi wayar ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zafi. Akuya ta haihu. Sunan yana nan.

Asabar, 26 ga Afrilu

Inna ta same ni a kan turmi. Na ɗauka faɗa za ta yi, mai takaba tana ɗare a sama kamar mai leƙen maƙwabta. Ita ce fa mai kiran abin nan wahalar banza, ita ce ta taɓa sa a ɗaure akuya da ƙarfen da ya bari a gidan.

Lawali ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko yanzu da ya rasu.

"Mi kika kallo kullum?"

Na gaya mata. Ta tsaya da ƙwaryar dusa a hannu.

"Yaron ga ya ci ke nan?"

"Ya ci, Inna."

"Su can, an hwaɗa masu?"

"Ba su sani ba."

Ta zuba wa awaki dusa, ta kakkaɓe ƙwaryar a gwiwa. Ba ta dube ni ba ta ce, "To bar su tukuna, ɗiyata."

Mun zama mu biyu.

Litinin, 28 ga Afrilu

Jatau ya kai ƙarata wurin Lantana. Ta kira ni tana faɗa a hankali, irin faɗan da ake yi wa mara lafiya. Wai haƙƙin wani nake riƙewa, wai da Lawali yana nan da tuni ya danna. Na ce da yana nan ai kore zai danna. 

Ban san Dogon nan ba. Ban ga abin da ya haɗa ni da shi ba. In ya je, in bai je ba, duk ɗaya ne a wurina. Gaskiyar ke nan, komai ɗaya ne a wurina yanzu.

Laraba, 30 ga Afrilu

Bidiyon kowa yana nan a gefen sunansa. Na Lawali ban taɓa buɗewa ba, yatsana kan je ya dawo. Yau na buɗe na Dogo, don shi ba komai ba ne a wurina.

Ba dogo ba ne sosai ashe. Akwai furfura a gemunsa. Na zaci zan ga wani haɗaɗɗen wuri, sai na ga tsakar gida, rufin kwano, igiyar shanya, kaza tana wucewa ta tsakanin ƙafafunsa.

Mace ce ke riƙe da wayar. Ba a ganinta, sai inuwarta a ƙasa, da ɗaurin ɗankwali. Duk sanda ya ɗaga ƙarfe ana jin ta riƙe numfashi, in ya sauke ta saki. Can tsakiya, wurin hawan igiya, hoton ya fara yin ƙasa-ƙasa, kansa ya kusa fita, sai ta yi sauri ta ɗago. Hannunta ne ya yi tsami. Daidai wurin nawa ya yi tsami. Na san ma abin da ta yi, ta tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun.

Da ya gama ya zube a ƙasa, ta faɗi wata magana da yarensu. Ban san yaren ba, amma mita ce, na rantse. Yana kwance yana dariya.

Na sauko daga turmi. 

Alhamis, 1 ga Mayu

Na nuna wa Inna matar Dogo, wato inuwarta. Ta kalla har ƙarshe. Ta tashi ta yi alwala, ta dawo, ta ce, "Turmin ga shina girgiɗi. Hau in riƙe maki."

Na hau, ta riƙe. Na danna ja. Sai wani ɗan fili ya fito wai a rubuta dalili. Na rubuta musu da Turanci cewa ya rasu, ni matarsa ce. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na danna e.

Da la'asar na sake hawa. Dogo ya haye saman layi. Na bi jerin daga sama har ƙasa, babu 'yar tutar.

Ban ji komai ba. Hadari ya haɗu ta gabas ya watse.

Juma'a, 2 ga Mayu

Da safe na je har gaban turmi kafin na tuna.

Lahadi, 4 ga Mayu

An yi ruwan farko da asuba, tsakar gida duk ƙamshin ƙasa.

Jerin ya tafi da sunan, amma bidiyon yana cikin wayar tun ranar da na ɗauka, ba ya buƙatar sabis. Inna ce ta tambaya, ba ni ba. Muka zauna a kan tabarma a ɗakinta, na jingina wayar da kwanon sha.

Dokarsu sai mutum ya fara da faɗin sunansa. Ga shi nan a bayan shago, da tsohuwar rigar nan mai ƙunar walda a kafaɗa, yana gyara tsayuwa kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, daga Gusau, Najeriya. Sai aka ji muryata ina cewa ya yi sauri na bar tukunya a wuta. Ya kalli wayar ya yi mini gwalo.

Mun kalla duka. A ƙarshe yana kwance a ƙasa, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ya ɗago kai ya ce, "Husna, na hito duka?" Na ce har da ƙaton kanka. Sai wata mata ta ƙyalƙyale da dariya har hoton yana rawa. Na daɗe kafin na yarda ni ce.

Inna ta ce, "Mayar da shi hwarko, inda ya hwaɗi sunanai."

Na mayar. Ta ce in sake. Leɓɓanta suna motsi tare da nasa, babu sauti.

Lantana ta iso da azahar, ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce me ya samu idanunmu haka. Inna ta ce hayaƙi ne, itacen ya jiƙe. Na ce e, hayaƙi ne.

Ba a hura wuta a gidan nan ba tun safe.