Kajin da Ban Sata Ba

Talata

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara, da ƙafar nan taki mai kumbura in kin daɗe a tsaye. Ni lafiyata ƙalau, in ban da abin da zan faɗa miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Ranar Litinin ta makon jiya da safe na fito zan tafi aiki, sai na ga kaina a jikin bangon shagon mai gyaran rediyo. Na ƙara gaba, na sake ganin kaina a jikin falwaya. Kafin in kai wurin aiki na ƙirga kaina sau goma sha huɗu. A kowace takarda ina rungume da kaza, an shaƙo ni ta wuyan riga, bakina a hangame. Ba kama ba ce, Yaya, ni ne. Har tabon girar nan da kika yi mini da murfin tukunya yana wurin. A ƙasa an rubuta da ja, manya-manya: GA ƁARAWON. Wannan kam ban sha wahalar karantawa ba.

Bari in yi miki bayanin wurin aikinmu, don na san ku a tunaninku gidan jarida nake. Sunansa Kamfanin Bayan Shago, saboda shekara goma sha biyu da suka wuce maigidanmu, wanda muke kira Edita, ya fara shi a bayan shagon wani mai aski da tsohon inji guda ɗaya. Littattafan zane muke yi, wato labari cikin hotuna, maganar kowa a rubuce cikin da'ira a saman kansa. Na farko labarin wani ɗan akuya ne da ya zama direba. Bai sayu ba, har yau da shi mai askin ke goge aska. Na biyu a kan wanke hannu ne. Na uku na soyayya, sai dai mai zanenmu a lokacin bai iya zana yatsu ba, duk masoyan suka ƙare labarin da hannu a bayansu kamar masu zagayen gona. Na huɗu ne Allah ya sa wa albarka: Muzuru, ɓarawon kaji mai rufe fuska da baƙin ƙyalle, da wani tsohon maigadi, Baba Tocila, da ke bin sa kowane wata bai taɓa kama shi ba.

To, Mai Zane yana da wata lalura: ba ya iya zana mutum daga kansa, sai ya gan shi a gabansa. Duk wanda aka ɗauko ya tsaya masa, minti biyar zai fara susa. Ni kuwa kin san ni, inda aka ajiye ni nan ake samuna. Shi ya sa ban da naɗe shafuka da ɗinke su, shekara uku ke nan ni ne jikin Muzuru. In zai haura katanga, ni ke hawa benci in ɗaga ƙafa ɗaya. Kazar kuwa matashin kujerar Edita ne.

A fitowa ta arba'in da ɗaya Edita ya ce a yaye wa Muzuru ƙyalle. An shirya Mai Zane zai ƙirƙiri fuskar da ba ta kowa ba. Ya zauna, ya ɗaga kai, ya gan ni, hannunsa ya yi abin da ya saba. Da wannan hoton aka buga takardun tallan da aka liƙa a gari. Za ki ce yaya aka yi babu wanda ya lura. Edita rubutu kawai yake dubawa. Mai Inji tawada kawai yake dubawa, ko hoton uwarsa ne ya wuce ba zai sani ba muddin baƙin ya hau daidai. Ni ne mai duba hotuna, ni kuma ranar haƙori ya kwantar da ni.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, direban nan maƙwabcin Inna ya kai wa 'ya'yansa littafin, su kuma suka ruga suka nuna mata. Jiya ya kawo mini saƙonta: kada in kuskura in tako mata gida sai na mayar wa mutane kajinsu. Tun jiya ban iya cin abin kirki ba. Don Allah ki daure ki je ki yi mata bayani, ke tana sauraronki. Ki ce mata zane ne, matashi ne, ban taɓa kazar kowa ba.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Auta

Asabar

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku gaba ɗaya, wasiƙarki ta iso, na gode da wahalar motar da kika sha. Na karanta ta sau uku, ko a karo na uku amsar Inna za ta canza. Wato cewa ta yi in ba ni ba ne, wa ya faɗa wa takarda ina da tabo. Kuma ban ji daɗin wurin da kika rubuta cewa sai da kika fita bayan ɗaki kika yi dariya ba. Da kin bar wannan a cikinki.

A nan ma abin bai lafa ba. Yaran makaranta in sun hango ni sai su jeru su riƙa kukan kaza har in sha kwana. Matar da ke gidan kusa da namu, da ta ji tafiyata sai ta kife kajinta da kwando ta zauna a kai, sannan ta gaishe ni da fara'a. Wani dattijo ya tare ni a bakin kanti ya riƙe hannuna, ya ce shi bai zo faɗa ba, yana so ne kawai in faɗa masa yadda na buɗe akurkin nan mai kwaɗo biyu a fitowa ta sha tara, don irinsa gare shi.

Na je wa Edita da kukana. Na same shi yana murna, wai tunda ya kafa kamfanin bai taɓa sake buga littafi sau uku ba sai wannan. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, wasu neman suna suke yi da kuɗinsu, kai ga shi ka samu a tsaye." Na ce ranka ya daɗe, uwata ta hana ni gida. Ya ce uwa ai ba ta daɗe da fushi. Na ce bai san Inna ba.

Ban yi masa gardama ba, ban iya ba. Abin da na iya shi na yi. Kullum in na gama naɗe shafuka sai in je ƙofar ofishinsa in tsaya, hannu a gefe, ba na cewa komai. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya sunkuya, ya sake ɗagawa ya gan ni. A rana ta huɗu ya juya teburinsa ya fuskanci bango. A rana ta bakwai ya fara shiga ta taga. A ta tara ya kira Mai Zane da Mai Inji ya ce a nemo mafita, don ya fara ganina a mafarki.

Mai Inji ya ce a kashe Muzuru kowa ya huta. Edita ya ce in an kashe Muzuru shi ma ya tattara injinsa. Mai Zane ya ce a ce fuskar roba ce ya sa, a yaye ta a ga wata a ƙasa. Edita ya tambaye shi fuskar wa zai kalla ya zana, sai kowa ya sunkuyar da kai. Daga ƙarshe Edita ya buga tebur ya ce ya samo: tagwaye. A fitowa ta arba'in da biyu za a nuna Muzuru yana da ɗan'uwa mai kama da shi sak, mutumin kirki, mai naɗe takardu a wani kamfani, wanda ake zargi a banza. Wannan shi ne ni.

Na tsaya wa Mai Zane sau biyu a kowane shafi, sau ɗaya da matashi, sau ɗaya da fuskar tausayi. Gobe zan ba direba littafin ya kai wa Inna da hannunsa. Ina ganin wannan karon an dace.

A gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi.

Naki,
Auta

Laraba

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara, da fatan kun tashi lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ba a dace ba. Direba ya ce littafin bai kwana ba sai da matan layinsu suka fara shigowa yi wa Inna sannu, suna tambayar ashe biyu ta haifa, ina ta kai ɗayan tun yana jariri, ko rashin kulawa ne ya sa ya lalace. Gwaggo har ta zo da kanta ta zauna, ta ce ita dama tun a lokacin ta ga cikin ya yi girma da yawa.

Jiya da hantsi ina kan benci, ƙafa ɗaya a sama, matashi a hammata, sai na ji ɗakin ya yi tsit, har injin ya tsaya. Na juya ido. Inna ce a bakin ƙofa da jakarta. Na yunƙura zan sauko in durƙusa, Mai Zane bai ɗago ba ya daka mini tsawa, "Kada ka motsa, ban gama gwiwar ba!" Yaya, a haka na gaishe da mahaifiyata, ƙafa a sama.

Ta tako a hankali ta tsaya a bayan Mai Zane. Ta dubi matashin, ta dubi takarda. A gabanta ya yi wa matashin baki, ya yi masa ido, ya fitar masa da fiffike. Ta sake duban matashin. Ta miƙo hannu ta latsa shi a hammatata. Sannan ta ce a kira mata babban wurin.

Edita ya fito da furfurarsa yana gyara tabarau. Ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka ƙara mini haihuwa?" Ya fara bayanin yadda harkar littafi take. Ta bar shi ya kai aya, ta ce a kawo mata littattafan Muzuru duka. Ta zauna a kan damin takarda ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa. Ba ta karanta ko harafi ba, kaji take bi. Da ta gama ta ce ɗari da sittin da uku ne, da agwagwa biyu, kuma akwai wata mai wake-wake ta gidan wata tsohuwa da aka sace har sau uku ba a taɓa nuna ta koma ba. Edita ya dubi Mai Zane. Mai Zane ya ce ita ce ta fi sauƙin zanawa.

Sai ta yanke hukunci. Na ɗaya, a janye ɗan tagwayen nan, ita ɗaya-ɗaya take haihuwa. Na biyu, tunda a takarda aka ga fuskar ɗanta tana sata, a takarda za a ga ya mayar. Kowace kaza, gida-gida, ya yi sallama, ya durƙusa, ya nemi gafara.

Edita ya ce Mama, masu karatu gudu da tsalle suke so, ba durƙuso ba. Ta ce shi bai taɓa mayar da kayan sata ba ne shi ya sa. Wa zai ga ɓarawo a ƙofarsa da kaza ya tsaya jin bayani? Na ga leɓɓan Edita suna motsi, yana lissafi. Can ya ce kaza huɗu a wata, fitowa arba'in ke nan, ban da agwagi. Ya ce kowa zai bi Muzuru da sanda yana ƙoƙarin mayarwa, Baba Tocila kuma dole ya koma mai kare shi. Ya juya ya ce wa Mai Inji a nemo wa Mama lemo mai sanyi, kuma a sauke ta daga kan takarda a ba ta kujerarsa. Matashin ma a karɓa a wurina a sa mata.

Wato dai, Yaya, shekara uku da wani abu masu zuwa a durƙushe zan yi su. Mai Zane ya ce ya fi masa sauƙi, ni ma gwiwa ta fi mini ƙafa ɗaya.

Da za ta tafi na ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce na rame, in zo gida ranar Asabar. Sannan ta kawar da kai tana gyara mayafi, ta ce, "Na ɗora maka abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini." Ban san lokacin da idona ya cika ba.

Ki gaida maigida da yara, ki ce musu kawunsu ya tuba. Na san ba za ki yarda Inna ta faɗi wannan magana ba, don ni da ke ba mu taɓa jin ta a bakinta ba, kuma na san in kin tambaye ta za ta ce ƙarar inji ce ta cika mini kunne. To injin a kashe yake. Edita yana wurin, Mai Zane yana wurin, Mai Inji yana wurin da kwalbar lemo a hannu. Direba ma ya ji, yana jingine da motarsa. Sai mai aski, wanda ya leƙo ta ƙofar baya ya bar mutum da rabin kai a kujera.

Ƙaninki,
Auta