Mita Shidan da Ban Auna Ba

Zuwa ga Yayana Hamisu,

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba, babu mai kai saƙo inda kake. Ina rubutawa ne don akwai maganar da na kasa faɗa maka lokacin da kake iya ji, yanzu kuma ta hana ni sakat.

Bari in fara da labarin gida, tunda ba ka son a tsallake gaisuwa. Hajiya Rabi tana lafiya. Ta fita takaba, ta sake buɗe shagonku na unguwar Belleville a Paris, har ta matsar da buhunan gero daga bakin ƙofa, abin da ka hana ta shekara goma. Kada ka ji haushi, amma shagon ya fi kyau haka. Mu a Vénissieux, nan gefen Lyon, muna nan yadda ka bar mu. Zara da yara suna lafiya, ni kuma ina mangaza, wurin ajiyar kayan kamfani, ina ɗaga kaya. A unguwar Guillotière, inda mutanenmu ke haɗuwa, har yanzu ana tsokanata, wai mutum da hankalinsa ya goya kwalbar iska ya je ya nutsar da kansa ranar hutu. Da can sukan haɗa mu biyu su yi dariya. Yanzu ni kaɗai ake yi wa, kuma ba ta da daɗi.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma tun ranar da na sauka Faransa ka riƙe ni ƙane. Kai ka ja ni cikin nutso, ni da ko rijiya ba na leƙawa. Kai kuma ka koya mini auna nisan gani a ƙarƙashin ruwa. Ka tuna? Kana riƙe da farin allo, ni ina ja da baya da igiya mai ƙulli a kowace mita, har allon ya ɓace mini, sai in ƙirga ƙullin da suka wuce ta hannuna. Ka ce a faɗi zurfin da aka auna, a faɗi lokaci, domin ruwan tabki na sama daban, na ƙasa daban, na safe ba shi ne na yamma ba. Ka ce in ana shakka tsakanin uku da huɗu, a ce uku. Ka sha yi wa ƴan kulob ɗinmu na nutso faɗa a kan masu tsayawa a bakin ruwa su hango duwatsu su ce garau yake. Har kwaikwayonka nake yi a bayan idonka, Yaya, don yadda kake ɗaga yatsa in ka zo wurin nan.

Da likita ya ce za a fara maka magani mai ƙarfi bayan sati uku, kuma daga nan nutso ya ƙare, ni ka kira. Ka ce jikinka tafiya ɗaya kawai zai iya ɗauka daga Paris zuwa Lyon. Ka ce kana so ka sake ganin itacen nan da ke tsaye a mita goma sha biyu cikin tabkinmu, wanda kake cewa yana tuna maka itatuwan da ruwa ke cinyewa a tabkin Madarunfa, can gida. Ba taɓa shi kake so ka yi ba, ganinsa kake so, tun daga gindi har rassa. Ka ce in shiga in auna, in zaɓar maka sati mafi kyau cikin ukun nan, kai ba za ka motsa ba sai na ce ka zo.

Aike ɗaya ka taɓa yi mini mai nauyi, shi ne wannan.

Na ce maka zan shiga ranar Laraba. Ban shiga ba, Yaya. An riƙe mu a wurin aiki, abokin da zai shiga da ni ya gaji da jira ya tafi. Na isa tabkin da la'asar, na tsaya a kan katakon bakin ruwa da takalman aiki a ƙafata. Rana tana haskawa, na ga duwatsu a ƙasa, na ga ƙananan kifi. Na san an yi ruwan sama kwana biyu a kan tuddai. Na san abin da hakan ke yi wa tabkin daga mita biyar zuwa ƙasa. Duk na sani, kai ka koya mini.

Da ka kira, ka gaishe ni, ka tambayi Zara da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tambayi nawa na samu. Me zai hana in ce ban shiga ba? Kalma uku ce. Amma bakina ya ƙi. Tun ina yaro ban taɓa iya duban babba in ce masa aiken da ya yi mini ban je ba. Kuma kana ciwo, muryarka ta yi ƙasa, na ji nauyin in ce maka ka ƙara jira. Sai na ji kaina ina cewa mita shida. Ban ma tsaya nan ba, na ƙara da cewa a zurfin goma, da ƙarfe huɗu, don maganar ta yi kama da irin taka. Ka yi hamdala, ka ce za ka hau jirgin ƙasa na safe ranar Asabar.

Na sha gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa. Ba tausayi ba ne kaɗai. Tsoro na ji kada ka gane ƙanen naka bai kai yadda kake yabonsa a gaban mutane ba.

Ka san yadda Asabar ɗin ta kasance. Daga mita huɗu ruwan ya koma kamar kunu. Sai na kawo agogon zurfi daf da fuskata nake ganin lamba. Muka riƙe igiya ɗaya don kada mu rabu, ina jin kana ja a hankali. Da laluben hannu muka sami itacen. Na kamo hannunka na ɗora a kan gindinsa, ka daɗe a haka, ban ga fuskarka ba ko da yake kafaɗarmu na gogar juna. Bayan minti ashirin ka matsa hannuna, muka hau.

A bakin ruwa ka kasa cire rigar nutso da kanka, ni na cire maka. Kana rawar sanyi, leɓunanka sun yi fari. Ina jira ka tambaye ni, wallahi da ka tambaya da na faɗa. Sai ka ce tabki haka yake, tsakanin Laraba da Asabar komai na iya sauyawa, kada in damu. Kai da kanka ka miƙo mini mafita, ni kuma na karɓa da hannu biyu. Har na gyaɗa kai na ce lalle ruwan saman nan ne. Da yamma ka ci tuwon Zara kaɗan don kada ta ji ba daɗi, na kai ka tashar jirgi, ka koma Paris ka kwanta kwana huɗu.

Ba wannan kaɗai ba ne, Yaya.

Ranar Lahadi ta sati na uku, kwana biyu kafin a fara maka magani, na shiga tare da ƴan kulob. Sanyi ya sauko, laka ta kwanta. Na ja igiya, ƙulli takwas suka wuce kafin allon ya ɓace. Ban taɓa samun haka a tabkin nan ba. Da na ce maka ka jira, ranar nan ce taka. Da muka fito, matar da ke sa rahoto a shafin kulob na intanet ta tambaye ni, na ba ta lambar daidai, ita da ba komai ba ce a wurina.

Washegari ka kira. Ka tambayi yadda ruwan yake. Na ce yana nan yadda ka bar shi, laka ce kawai, ba ka rasa komai ba. Ka ce to madalla, ka koma tambayar makarantar yara. Sau shida na zo duba ka a asibiti bayan nan. Na gyara maka matashi, na ba ka ruwa, mun yi hirar gida Maradi. Ko sau ɗaya ban taɓo maganar ba. Ina ta cewa sai ka ɗan ji sauƙi.

Satin da ya wuce na je Belleville gaida Hajiya. Ta ɗauko ƙaramin littafin da kake rubuta kowane nutso a ciki, ta ce ka bar wasiyya a ba ni. A jirgi na buɗe shi. Shafin ƙarshe na Asabar ɗin nan ne: zurfi goma sha biyu, minti ashirin, nisan gani rabin mita, abokin nutso Laminu. A ƙasa, da wani alƙalami daban, ka rubuta ranar Lahadin, ka sa mita takwas, ka sa cewa daga shafin kulob ka gani a daren ranar. Ashe ka riga ka karanta kafin ka kira ni.

Me ya sa ka tambaye ni, Yaya? Dama ka ba ni in faɗi gaskiya ko sau ɗaya? Ko so kake ka ji daga bakin wanda ya gani, in ba ka labarin rassan? Wannan na biyun ne ya fi ci mini rai. Watakila ba tuhumata kake ba sam. Watakila itacen kawai kake so in nuna maka da baki, ni kuma ina can ina kare kaina. Na duba littafin gaba da baya ina neman kalma ɗaya ta faɗa, ban samu ba. Daga Paris har Lyon ban iya ɗaga kai na dubi mutanen da ke zaune gabana ba.

To ga rahotonka, ko da ya makara. Ranar Laraba ban shiga ruwa ba, ban auna komai ba. Ranar Lahadi, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a zurfin mita goma sha biyu, nisan gani mita takwas ne. Itacen yana nan tsaye. Reshen hagu ya karye, sauran suna nan, haske yana ratsowa tsakaninsu har ƙasa. Manyan kifi biyu suna tsaye a ƙarƙashinsa ba sa motsi. Daga inda na tsaya ana ganinsa gaba ɗaya, tun daga gindi har sama. Ya yi kyau ƙwarai, Yaya, kuma ni na hana ka gani.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri. Sai mun zo.

Ƙanenka da ka aika bai je ba,
Laminu