Kakana Yana Tambayata Ko Gilashin Fes Yake

Anti, don Allah ki taimake ni. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Ummata. Ni ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto. Bara na gama firamare, in na yi kuskure ki yi haƙuri.

Kakana, mahaifin Umma, mai ɗaukar hoto ne tun kafin a haife ta. Da idonsa ya fara dushewa sai aka rufe shagonsa, aka dawo da shi gidanmu, aka ba shi ɗakin da ke jikin banɗaki. Kayan shagon duk sun watse, sai kyamara ɗaya da ya ce ko ɓarawo ya zo, a ba shi katifa a bar masa ita. Tsohuwa ce, ta fim, baƙa da ruwan azurfa, nauyinta kamar ƙaramin dutsen guga. In ka leƙa 'yar tagarta, mutum biyu kake gani a tsakiya, sai ka juya zoben gaba a hankali har su haɗu su zama ɗaya, sannan ka danna. Shi ya koya min. Yakan ce jikin kyamara akwati ne kawai, gilashin gaba shi ne dukiyar. Wai nasa in ya ɗauki mutum har gashin gira za ka gani ɗaya bayan ɗaya, ba kamar wayoyinmu ba da ke shafa wa kowa hoda.

An yi masa aikin ido, bai yi ba. Likita ya gaya wa Umma da Kawu ganin ba zai dawo ba. Ina tsaye a wurin, sun manta da ni. Saboda hawan jininsa suka shirya a riƙa ce masa sai a hankali. Umma ta ja mana kunne, kada wanda ya kai masa abin da zai ɓata masa rai. Yanzu a gidanmu komai lafiya lau ne, ko da tukunya ta ƙone.

Duk Asabar yakan sa in wanke hannu in ɗauko kyamarar. Sai ya kwance gilashin daga jikinta da lalube, ya ɗana kyamarar ya danna, ya kara a kunne, wai don kada ta sandare. Sai ya miƙo min gilashin in hure ƙurar da 'yar robar hurawa, in bi da buroshi mai laushi. Ya hana ni gogewa da bakin riga, ya ce yashi ɗaya ya isa ya ja masa zane har abada. Daga nan in ɗaga shi wajen taga in faɗa masa abin da na gani. Malama Shiru yake kirana. Ya ce ni ya zaɓa a duk jikokinsa, don wadda ba ta magana ba ta da lokacin yin ƙarya.

Shi ya ce a ajiye kyamarar a saman kabad, inda iska ke ratsawa, kuma har yau ya ɗauka can take. Amma Umma ta ji tsoron ƙannena, sai ta sa ta a jakarta ta fata, ta naɗe da tawul, ta kulle a akwatin ƙarfe da ke jingine da bangon banɗakin. Duk zaman da ya yi a asibiti, da damina, tana ciki a rufe.

Asabar ɗin farko da ya dawo, na ɗaga gilashin sai na ga wasu fararen zaruruwa a gefe, sirara, kamar saiwar ciyawa. Na hura, na sa buroshi, ba su motsa ba. A ciki suke. Ya tambaye ni, na ce fes yake. Ya yi hamdala, ya ce ranar da idonsa ya buɗe ni zai fara ɗauka, da kayan sabuwar makarantata, kuma dole in yi murmushi ko da na haya ne.

Tun daga nan zaruruwan suna ta ƙaruwa, suna nufo tsakiya. Ni kuma ina ta cewa fes. Abin da ya fi damuna, Anti, shi ne ba ya damuna. Ba na kuka, gabana ba ya faɗuwa. Bakina ne kawai ke faɗa, ni ina gefe ina kallo, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta, in an yi dariya in buɗe baki. Asabar da ta wuce da na ce fes, sai ya kai gilashin hancinsa ya shinshina, sannan ya sake tambayata. Na ce fes.

Na dai yanke shawara ni kaɗai. Na daina mai da kyamarar akwatin, jakar kawai nake naɗewa a tawul in mayar. Kyamarar tana bayan littattafaina. Duk ranar da Umma ta fita zan shanya ta a rana, yadda muke yi wa takalmin da ya yi fumfuna. Shi kuma ba zan gaya masa ba. Ki faɗa min ko rana za ta kashe abin.

Jikar mai hoto

AMSA

'Yata, wasiƙarki ba ta da kuskuren da zan yi haƙuri da shi. Bari mu fara da abin gaggawa: kada ki shanya kyamarar nan a rana. Na tambayi wani dattijo mai gyaran irinta. Ya ce a bayan gilashin akwai ɗan labule na ƙyalle, in gilashin ya fuskanci rana zai tara zafinta wuri guda ya huda labulen, zafin kuma ya narkar da man da ke cikin zoben. Kin ga garin gyaran gira an rasa ido.

Abin da kika gani fumfuna ce, danshi da duhu ke kawo ta, jakar fata kuwa gidanta ne. Kin yi daidai da kika fitar da kyamarar. Ki ajiye ta inda yake a bushe, mai haske da iska, ko a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada ki buɗe cikin gilashin, kada ki zuba masa komai. Wannan zai rage wa fumfunar gudu ne kawai. Cire ta sai mai gyara ya buɗe gilashin, kuma in aka daɗe takan ci fuskarsa, ta bar tabon da ba ya fita. Kowace Asabar da kika ce fes, ita ke cin riba.

Ummarki ba ta yi mugunta ba. Ta kulle kyamarar ne don tana ji da ita, ta kulle maganar idon don tana ji da mahaifinta. Amma sirri biyu kika haɗa a kanki, ɗaya kuma ba naki ba ne. Maganar ido ta Umma ce da Kawu da likita, ki sauke ta. Maganar gilashi taki ce, don ke ya ara wa aikin gani.

Ki fara da Umma. In baki ya ƙi buɗuwa, ɗauko gilashin ki ɗaga mata shi wajen taga, zai yi magana a madadinki. Ki roƙe ta ta zauna tare da ku ranar Asabar, saboda jininsa. Ni dai ban jin labarin zai zo masa a baƙo. Mutumin da ya tsufa a sana'ar nan ya san warin fumfuna, ba a banza ya tambaye ki sau biyu ba. Zai yi faɗa, wataƙila har Umma ta samu rabonta. Bayan faɗan kuma shi ya san mai gyara, shi ya san abin da za a gaya masa. Kin ba shi aikin da ya iya, a gidan da kowa ya daina ba shi komai sai lafiya lau.

Rashin jin komai da kike fama da shi ba taurin zuciya ba ne, kaya ne ya yi wa kanki yawa. Ƙafar da aka tashi daga kanta takan yi zafi kafin ta dawo daidai, don haka in kuka ya zo, ki bar shi. In kuma an kwana biyu ba ki ji sauyi ba, ki gaya wa Umma ko malamar da kika yarda da ita.

Ranar Asabar ki wanke hannu, ki ɗaga gilashin, ki faɗa masa daga wane gefe zaruruwan suka faro da inda suka kai. Allah ya ba Kaka lafiya, ya sanyaya zuciyar Umma, ya yi miki albarka, Malama Shiru.

Antinku