Hantar Ɓeraye a Firizar Inna

Talata da dare, Kwarbai

Aikin wata da watanni ya bi kwata. Wutar ɗakin bincikenmu ta lalace, sai na kawo jini da hantar ɓerayen da na ɗura wa magani gida, na ɓoye a firizar Inna, ƙarƙashin zoɓon da take sayarwa. Gobe ya kamata in auna ko maganin ya rage musu wani sinadarin jiki da ake kira kolin.

Na dawo na tarar ta watsar da komai, tana dirzar firizar da soso.

"Mushen ɓera, Hadiza? Cikin abin da mutane ke sha?"

Na buɗe baki zan yi masifa, sai na hango robobinta a kife. Zoɓon ma duk ta zubar.

Na karɓi soson.