Zuciyarka a Ƙirjin Ɗan Wata

Zuwa ga ɗana na fari,

Bayan gaisuwa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Kana raye ma sai an matsa maka kake amsa waya, balle yanzu.

Mutanen gida lafiya. Bana kogi ya ci rabin fadamar babanka, amma an sami shinkafa. Ƙanwarka Hadiza ta haifi namiji, an mayar da sunanka, ka ga shi ma ba ni da bakin kiransa. Goggo Dije ta Lafagu, wadda ta ɗauke ka tun yaye, ba ta gani sosai yanzu. Har yau in an zo ta'aziyyarka wurinta ake fara zuwa, sai ka ce ita ta yi naƙudarka. Ita tana kuka a gaban mutane. Ni uwar ɗan fari ce, kunya ta hana ni, kamar yadda ta hana ni faɗin sunanka tun ranar suna.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe? Na tambaye ka aikin da ya riƙe ka a ƙasar Turawa, ka ce zukatan ɓeraye kake cirewa kana sanyawa cikin ƙanƙara. Na ce duk wannan karatu ƙarshensa ɓera? Na ce ai 'yan kifin Illo da ba su je makaranta ba sun riga ka, da ƙanƙara suke haura kifi Benin. Ka yi dariya, ka ce kifinsu matacce ne, zuciya kuwa barci take yi. Ka nuna murhuna, ka ce kamar garwashin da nake binnewa cikin toka ne. Sanyi yana rage mata ci, amma ba ya hana ta cin ɗan ƙarfin da ta ajiye. In ya ƙare sai tsami ya taru a tsokar, ko an ɗumama ta ba za ta tashi da kyau ba. Kai kuma kana zuba sinadarin ƙarfin cikin ruwan da take jiƙe, kana auna abin da ta ci da abin da ta rage, ka kwatanta da waɗanda ba ka ba su ba. Na gane sarai. Na yi kamar ban gane ba, don na ji haushi. Zuciyar ɓera kake ciyarwa a kan ƙa'ida, ta uwarka kuwa sai sallah zuwa sallah.

Da mota ta buge ka a can, sai ga labari wai ka bar wasiyya a ba da zuciyarka. Da shawarar wa? Ni abin da aka koya mini, mutum ana mayar da shi ga Mai shi yadda Ya ba da shi. Babanka ya tambayi malamai, wasu suka ce sadaka ce mai gudana. Na ji, ban yi musu ba. Amma ɗa mai tarbiyya ba ya kyauta da abin da aka ƙera a cikin uwarsa bai gaya mata ba.

An ce likitoci sun sa ta cikin sanyi da irin ruwan nan, suka kai wani gari, suka dasa wa wani saurayi. Ta tashi. Ina mamaki ko ta yi jinkiri, don kai ba ka tashi da wuri.

Saurayin yana da uwa. Ta nan ne abin ya tsaya mini a wuya. Ta bi ta asibiti ta aiko da godiya, har da ƙarar bugun zuciyar a wayar Hadiza. Wai kullum sai ta ɗora kunnenta a ƙirjin ɗanta ta saurara, kuma ta koyi sunanka tana faɗa. Wace ce ita? Ta taɓa kwana da zazzaɓinka? Ni da na haife ka ban taɓa ɗora kaina a ƙirjinka ba, ban taɓa rungumarka ido na gani ba. Goggo ta ci ƙuruciyarka, ɓeraye suka ci samartakarka, ragowar kuma wata baƙuwa ke sauraro. Ba na yi wa ɗanta mugun fata, Allah Ya sani. Amma ban amsa godiyarta ba, kuma na hana Hadiza kunna mini abin.

Jiya da hantsi Hadiza ta tafi kasuwa ta bar wayar a kan tabarmata. Na san da gangan ta yi. Na ja ƙofa, na danna inda na ga tana dannawa, na ɗora a kunnena. Zuciyar tana bugawa da sauri, yadda kake tafiya in an aike ka. Na saurara har wayar ta mutu.

Zan sa a gaya wa matar nan ta hana shi cin gishiri da yawa, ta hana shi yawon banza. Abin da ke ƙirjinsa nawa ne, aro aka ba su.

Sai mun haɗu inda babu kunya. Allah Ya jiƙanka, Haliru. Ka gani, na faɗa.

Innarka da ta haife ka,
daga Bagudo.